Oba-oba Lamba Ɗaya

Sunana Yamusa. Shekara goma sha ɗaya na yi a wani kamfanin fasa dutse da ke bayan Jiwa, kuma in ka cire matata da 'ya'yana, babu abin da na so a Abuja kamar wata baƙar aba mai tsawon tafin hannu da ake saƙalawa a ƙugu. Oba-oba muke ce mata, don duk wanda ya gama magana a cikinta sai ya ce "oba". Ka danna maɓallin da ke gefenta ka yi magana, mutum yana can bayan dutse ya ji ka kamar a kafaɗarsa kake tsaye. Tawa an rubuta mata lamba ɗaya a baya da farin fenti. Wanda bai taɓa wuni yana loda tifa da shebur ba, ba zai gane abin da lambar nan take nufi a wurina ba.

Lokacin farar hula sun dawo kan mulki, kuɗin mai yana shigowa, Abuja kuwa cin tsakuwa take yi kamar kaza ta sami tsaba. Duk inda ka waiga gini ne yake tashi. Tifofi sukan yi layi tun daga ƙofar kamfaninmu har kusan bakin titi, direbobi suna ta danna hon kamar hon ne zai fasa musu dutsen. Mu kuwa kullum ƙarfe biyu na rana, bayan an idar da azahar, muke tayar da nakiya. Dutse ya tsage, a kwashe, a niƙa, a loda, gobe a sake.

Da shebur na fara, kamar kowane ɗan cirani da ya zo daga ƙauyen ƙasar Katsina ba takarda ba sana'a. Wanda ya fitar da ni daga ƙura shi ne Simon. Mutumin Gbagyi ne, ƙauyensu yana nan ƙasan dutsen, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai abin ya kai a yi. Shi ne yake riƙe da lamba ɗaya kafin ni. Da kansa ya roƙi manaja a mai da shi lamba huɗu, wato gadin 'yar hanyar da ta fito daga ƙauyensu ta ratsa ƙarƙashin dutsen, don ya ce mutanensu ba sa jin maganar baƙo, sai ta wanda ya yi musu magana da yarensu. Da aka tambaye shi wa zai maye gurbinsa, sai ya nuna ni. Ya ce muryata tana da kauri kuma ba na in'ina. Bai ce ina da hankali ba, ni ma ban lura da hakan ba sai daga baya.

Ranar da ya miƙa mini ita, ya zaunar da ni a inuwar wata tsohuwar katafila.

Ya ce, "Yamusa, wannan abu ba waya ba ne. A waya mutum biyu za su iya rigima lokaci ɗaya. Nan in ka danna, kai kurma ne. Kana magana, ba ka jin kowa. Ko mamanka yana ihu a layi, ba za ka ji ba sai ka saki."

Na ce, "To wa ya ce maka zan riƙe? Ai ba gero ba ne."

Ya ce, "Na san bakinka."

Tsarin aikin ba shi da wuya. A busa jiniya sau uku. Masu gadi huɗu, kowa da jar tuta da oba-obarsa, su tare hanyoyi huɗu da ke shiga wurin. Ni in kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da "kiliya", wato babu kowa a ɓangarensa. Daga nan sai in saki maɓalli in ƙirga goma a raina ina saurare. In ba wanda ya yi magana, in danna in ce, "Tashi." Mai tayar da nakiya yana cikin wani ɗakin ƙarfe kusa da inda nake tsayawa, ba ya ganin komai, muryata kawai yake jira. Yana jin kalmar nan zai murɗa makunnin nakiyar.

Simon ya fi nanata ƙirgen nan a kan komai. Ya ce kiliya ta ɗazu ba kiliya ta yanzu ba ce. Akuya takan shigo, mutum yakan ɓullo daga ciyawa. Goman nan ita ce ƙofar da aka bar wa mai gadi ya ce a dakata.

Addu'a kuwa daga baya ta shigo. Wata shekara dutse ya yi tsalle ya karya ƙafar wani direba, ma'aikata suka tsorata, wasu har suka ce wurin yana da iska. Washegari da na gama kiran masu gadi sai na ji bakina ya ce, "Allah ka tsare mu, ka tsare na kusa da na nesa." Na ji amin daga ko'ina, Musulmi da Kirista. Shi ke nan ta zama al'ada. Ranar da na manta, masu haƙa rami sukan tare ni su ce lafiya? Aka laƙaba mini Liman, ni da ko izu biyar ban haɗa ba. Sunan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutum ɗari da wani abu su tsaya cak, injuna a kashe, duk wanda ke da oba-oba ya ɗaga ta sama don na kusa da shi su ji, kuma muryar da ke fitowa tawa ce. Addu'ar da ta fara da numfashi ɗaya, kafin shekara ta zagayo ta yi rassa.

Simon bai hana ni ba. Shi ma yakan cire hular kwanonsa ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ya ce mini, wata rana muna cin doya da manja a rumfar mai abinci.

"Liman, addu'a yana da kyau. Amma in ka ce amin, saki. Ƙirga goma. Allah ba ya sauri."

Na ce, "Fasto, kai ka ji da tutarka."

Haka muke, ni Liman shi Fasto, ba mai jam'i ko ɗaya a cikinmu. Kuma ina ƙirgawa. Wani lokaci goman takan zama shida in manaja yana duba agogo, amma ina saki.

Sai ga wata Litinin manajanmu, Oga Zacharias, ya kira ni ofis. Mutum ne mai tumbi da yawan gumi, ba mugu ba ne, amma tsoron na sama da shi ya fi tausayin na ƙasa da shi yawa. Ya ce kamfani ya girma, an sami kwangilar wani babban titi, kuma mutanen hedikwata suna so mai riƙe da lamba ɗaya ya zama mai takardar difloma. Har an kawo wani, Nazir, mai farar hular kwano da takalmi mai sheƙi.

Na ce, "Oga, difloma ce take tare akuya?"

Ya ce, "Yamusa, no bi mi, ba ni ba ne. Ni ma umarni ne. Amma Alhaji zai zo ranar Alhamis da baƙi, za su kalli yadda muke tayar da dutse. Shi ke da magana ta ƙarshe. In ka burge shi, shi ke nan."

Alhaji Musbahu shi ne mai kamfanin. Sau biyu na taɓa ganinsa, duk ta gilashin mota. Na fito daga ofis. In aka karɓe oba-obar nan, shebur zan koma, ina da shekara arba'in da bayan da ya fara ciwo. Ba ma ciwon bayan ne ya fi damuna ba. A unguwarmu ana ce mini Oga Yamusa. Na taɓa zuwa gida da sallah da oba-obar a ƙugu, ko da yake a can babu wanda za ta kira, yara suna bina suna leƙe. Yaya zan koma in ce musu wani yaro mai takarda ya karɓe?

Kwana uku ina shirya addu'a kamar mai shirin jarrabawa. Na je wurin wani malami mai shagon littattafai a unguwar Jabi, ya ƙara mini wasu na Larabci, na haddace a cikin bas. Na gaya wa Simon abin da ake ciki. Ya ce zai je da kansa ya gaya wa Alhaji cewa babu wanda ya fi ni sanin aikin. Na ce ya bari, bakina ya ishe ni.

Alhamis ta zo da rana mai zafi. An share hanya, an yayyafa ruwa, an ba kowa sabuwar riga mai ɗaukar ido. Wajen ɗaya da rabi motoci biyar suka shigo. Alhaji Musbahu ya fito, dogo, fari, da carbi a hannu, baƙinsa biye da shi cikin manyan riguna, an ɗora musu hular kwano a kan hulunansu, abin dai ba kyan gani. Aka tsayar da su a bayan katangar da nake fakewa, taku uku tsakanina da Alhaji. Nazir yana gefe da littafi da biro, yana rubuta abin da Allah kaɗai ya sani.

Jiniya ta yi kuka sau uku. Injuna suka mutu. Na gyara murya na danna.

"Lamba biyu, oba."

"Kiliya, oba."

"Lamba uku, Maitama, oba."

Maitama wani Bakano ne mai shiru-shiru, wurin gadinsa a kan wani tudu yake, yana hango hanyar Simon daga sama. Ya ce, "Kiliya, oba."

"Lamba huɗu, Fasto, oba."

"Kiliya, Liman. Yi a hankali. Oba."

Lamba biyar ma ya amsa. Na ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan yana danne da maɓalli, na fara.

Wallahi ban taɓa yin addu'a mai daɗin ta ranar ba. Na fara da salati. Na roƙa wa ma'aikata, na roƙa wa direbobi, na roƙa wa iyayenmu na raye da na kushewa. Na saci kallon Alhaji na ga ya ɗaga hannuwa biyu, baƙinsa ma sun ɗaga, sai na ji kamar an zuba mini mai. Na shiga Larabcin nan na Jabi. Na roƙa wa kamfani buɗi, na roƙa wa mai kamfani tsawon rai da zuriya ɗayyiba, na roƙa wa baƙi sauka lafiya. Alhaji yana cewa amin da ƙarfi, har muryarsa tana rawa. Addu'ar da ba ta wuce minti ɗaya, ranar ta kai huɗu ko biyar. Babban yatsana har ya sage a kan maɓallin, ban saki ba ko sau ɗaya.

Da na zo ƙarshe, na san abin da ya rage. In saki, in yi shiru, in ƙirga goma. Na tuna, kada wani ya ce mantawa na yi. Amma na dubi manyan mutanen nan hannuwansu a sama, na ga in na tsaya na yi tsit kamar wanda ya ɓata, daɗin abin zai zube. Na so amin ɗina da ƙarar dutsen su haɗu, su ga cewa da bakina dutse yake tsagewa. Kowa ya riga ya ce kiliya, me zai faru cikin minti biyar?

Na ce, "Amin, ya Rabbal alamina. Tashi!"

Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu. Gefen dutsen ya buɗe ya zube, ƙura ta turnuƙe sama. Baƙi suka yi kabbara, wani ya tafa. Alhaji ya juyo ya kama hannuna da nasa biyu.

Sai a lokacin na saki maɓallin. Abin da ya fara fitowa daga oba-obar muryar Maitama ce, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana ihu kamar ana yanka shi.

"Lamba huɗu! Lamba huɗu! Ku zo lamba huɗu!"

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar da tutar Simon a yashe a bakin hanya, hular kwanonsa can gaba. Shi kuma yana nesa da wurin gadinsa sosai, cikin inda ba a yarda ko kare ya shiga ba, a kife kusa da wani ƙaton dutse. A ƙarƙashin dutsen akwai wata tsohuwa 'yar ƙauyensu a takure, itacen da ta ɗauko a kafaɗa ya warwatse. Kurma ce, kowa a ƙauyen ya san ta. Ba ta bi ta hanya ba, ta cikin ciyawa ta ɓullo bayan Simon ya ce kiliya, ba ta ji jiniya ba. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Simon ya tura ta ƙarƙashin dutsen, shi bai sami wurin shiga ba. Wani ɓallin dutse kamar girman tukunya ya same shi a baya. Kafin a kawo mota ya cika.

Oba-obarsa tana hannunsa. Ni na zare ta daga yatsunsa.

Aka tafi da gawar, aka sallami ma'aikata. Baƙi tuni sun shige motoci. Ina zaune a bakin famfo ina wanke hannu, na wanke na sake wankewa, sai Maitama ya zo ya tsuguna kusa da ni. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Malam Yamusa, ya kira ka."

Na rufe famfon. Ya ci gaba.

"Ina kusa da shi, tawa ta kama muryarsa a ƙarƙashin taka. Cewa yake, Yamusa saki, akwai mutum, Yamusa saki. Ya faɗa ya fi sau biyar. Ya ɗaga tuta yana kaɗawa, ba mai ganinsa sai ni. Ni ma na danna na yi ta kira. Da ya ga ba ka da niyyar saki sai ya ruga. Yana gudu yana kira."

Na ce, "Mai tayarwa bai ji ba?"

"Yana gindinka, muryarka ta danne komai. Ya ce wata 'yar ƙara kawai ya ji kamar ta sauro." Maitama ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ni ba zan kai maganar nan ofis ba. Ina da 'ya'ya. Kai ke da ita."

Washegari da safe Oga Zacharias ya kira ni. Idanunsa sun yi ja, da alama shi ma ya yi kuka, don tare suka fara aiki da Simon. Akwai takarda a gabansa an riga an buga. Ya karanta mini ya fassara. Takardar ta ce an bi duk ƙa'ida, masu gadi sun ba da kiliya, mai lamba huɗu ya bar wurin aikinsa ya shiga wurin haɗari ba tare da ya sanar da kowa ba.

Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ƙirga goma?"

Yana nan tsaye lokacin, ya ji da kunnensa yadda amin da tashi suka fito a numfashi ɗaya. Ya san amsar. So yake in ba shi wadda za ta shiga takarda. Na dubi oba-obata a kan teburinsa inda na ajiye, lambar nan ta farin fenti tana kallona. Na tuna shebur. Na tuna cewa in na faɗi gaskiya ba shebur ma zan koma ba, ƙila sai ofishin 'yan sanda. Na ce a raina Simon ya riga ya tafi, gaskiya ba za ta dawo da shi ba. Duk wanda zai ci amana da irin wannan lissafin yake farawa.

Na ce, "Na ƙirga."

Ya miƙo mini biro. Na rubuta sunana da ajami, shi kaɗai na iya. Ya turo mini oba-obar.

Ya ce, "Alhaji ya ce kai za ka ci gaba da riƙewa. Nazir zai koma sito. Ya ce wanda ya ga girman dutsen da ya zubo ya san albarkar addu'arka ce ta sa abin ya tsaya a kan mutum ɗaya."

Na sa hannu biyu na karɓa. Har godiya na yi.

Aka binne Simon ranar Asabar a ƙauyensu. Na je, na tsaya a baya. Maganar takardar ta riga ta zagaya. Na ji wasu direbobi suna cewa ai ganganci ya yi, mutum yana da oba-oba a hannu ya ƙi kira ya kama gudu. Wani ya ce tsohon hannu ne yake raina aiki. Simon, wanda ya shekara goma sha biyar a aikin nan ko akuya ba ta mutu a hannunsa ba. Ina jin su ban ce uffan ba. Maitama bai ƙara yi mini magana ba in ba ta oba-oba ba, kafin wata ya ƙare ya ajiye tutarsa ya koma Kano.

Bayan kwana tara matar Simon ta zo kamfani. Rosemary sunanta, tana sayar da doya a kasuwar Jiwa, na sha cin tuwonta. Ta zo da baƙaƙen kaya, ta rame, tana riƙe da leda. Ba ofis ta nufa ba, ni ta nema. Saura kamar rabin awa a busa jiniya, ina tsaye a bayan katangata ina gwada batir.

Ta ce, "Malam Yamusa, sannu da aiki."

Na ce, "Madam, ya haƙuri? Ya yara?"

"Mun gode Allah." Ta miƙo ledar. Cajar oba-oba ce da batir ɗaya. "Na kamfani ne. Yana kawo shi gida kullum, ya ce wutar nan wurin ba shi da tabbas. Ba na so a ce ya tafi da kayan mutane."

Na karɓa.

Ta ce, "Sun karanta mini takarda. Sun ce bai kira ba. Malam, shekara goma sha bakwai ina tare da mutumin nan. Ko bayan gida zai je sai ya faɗa. Yaronmu babba ya daina zuwa makaranta, yara suna ce masa babansa ne ya kashe kansa da wauta." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Kai ne abokinsa. Kai ne a kan layi. In ka ce bai kira ba, zan yarda, in gaya wa yaro ya haƙura. Ya kira?"

Ga ni, ga ta, babu manaja, babu Alhaji, babu mai jinmu. Ni da aka sani da baki, wanda ya riƙe mutum ɗari minti biyar da magana. Kalma biyu kawai take nema. Na ji nauyin oba-obar a ƙuguna.

Na ce, "Bai kira ba, Madam. Ina jin ruɗewa ya yi da ya ga tsohuwar."

Ta dubi ƙasa. Sannan ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ɗora wa kaya ta gyara musu zama.

Ta ce, "To. Na gode da ka faɗa mini gaskiya." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "An ce kana addu'a lokacin da abin ya faru. An ce doguwa ka yi ranar, ka roƙa wa kowa. Wannan ne yake sanyaya mini zuciya. Ko ba komai, muryarka yana kunnensa, ya tafi cikin addu'a. Allah ya saka maka."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ta bi 'yar hanyar nan ta lamba huɗu ta gangara ƙauye, ina kallonta har ciyawa ta rufe ta. Na tsani kaina a ranar, kuma ban daina ba. Da ta zage ni, da ta tofa mini yawu, da na sami abin riƙewa. Godiya ta yi mini.

Ƙarfe biyu jiniya ta yi kuka. Na kira lamba biyu, na kira uku. Na ce, "Lamba huɗu, oba," wata baƙuwar murya ta ce kiliya. Na kira biyar. Ma'aikata suka cire huluna, masu oba-oba suka ɗaga su sama, ana jiran Liman. Na kai yatsa kan maɓalli na kasa dannawa. Na tsaya ina sauraren shuuu ɗin da take yi in babu mai magana. Na ƙirga goma. Na ƙirga ashirin. Na kai hamsin ina jira wani ya ce in dakata.

Oga Zacharias ya taɓa kafaɗata. "Yamusa, tifofi suna jira. Yi addu'ar mana. Alhaji ya ce kada a ƙara tayarwa ba tare da ita ba."

Na danna, na yi. Shekara shida na ƙara ina yi, kullum ƙarfe biyu, kuma babu wanda ya sake maganar karɓe mini lamba ɗaya.